Suna a cikin littafi ba hukunci ba ne

(Rubutun jawabin da aka gabatar a wani zaman tattaunawa da matasa a Maraɗi. Mun bar shi yadda aka faɗe shi, sai ɗan gyaran da rubutu ya tilasta.)



Zan fara da labarin wani yaro da na sani. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi garinsu ba, don abin da aka yi da sunan nasa ya isa haka. Ɗan kabu-kabu ne daga wani ƙauye a yammacin nan. Wata ranar kasuwa ya ɗauki fasinja, ya kai shi inda ya ce, ya karɓi kuɗinsa. Bayan kwanaki aka kama fasinjan bisa zargin yana kai wa ƴan bindiga mai da burodi, aka kuma ga lambar yaron a wayarsa. Aka zo aka tafi da shi. Ya yi watanni a gidan kaso, alƙali ya yi masa sakin talala, daga baya kuma alƙali mai bincike ya rufe maganar, ya ce babu abin da za a tuhume shi da shi.

To, ta wajen shari'a magana ta ƙare. Amma tun ranar da aka kama shi wani ya ɗauki hotonsa, hoton ya zagaya WhatsApp da rubutu a ƙasa: ga ɗan leƙen asirin ɓarayi. Da ya fito, mai babur ya karɓe babur ɗinsa. Gidan da yake neman aure suka mayar da kaya. A fada in ya zauna sai hira ta mutu. Yau yana arewa yana biɗar abinci, ba don yana so ba. In ya je kotu ya nemi kaziyensa, fari tas za a ba shi. Amma wa zai tsaya ya karanta?

Wannan shi ne abin da nake so mu tattauna yau: mutanen da sunansu ke cikin wani littafi na hukuma, ko suke ƙarƙashin sa ido, mene ne haƙƙinsu, kuma me ke hana su cin wannan haƙƙi, musamman a yankunan Agye, Gazawa da Gidan Rumji, inda da yawanmu muka fito. Maganata ɗaya ce. Shiga littafi ba hukunci ba ne. Kuma duk littafin da ke da ƙofar shiga amma ba shi da ƙofar fita, ya zama kaso, ko da babu bango.

Kada wani ya fahimce ni a karkace. Ba na cewa hukuma ta daina rubuta sunaye. Ƙasar da ba ta rubutu ba ta san ƴaƴanta ba. Wanda aka sace wa shanu, da wadda aka ɗauke wa miji aka nemi kuɗin fansa, da yarinyar da aka yi wa fyaɗe, su ma suna da haƙƙi, kuma haƙƙinsu ya haɗa da a san wanda ya cuce su. Abin da nake cewa shi ne, kowane littafi mu yi masa tambaya huɗu. Wa ya rubuta sunan? Da wace doka? Wa ke da izinin gani? Ta yaya ake fita? Ku riƙe tambayoyin nan huɗu, da su za mu bi littattafan ɗaya bayan ɗaya.

Littafi na farko shi ne wanda kowa a nan ya taɓa nema, wato casier judiciaire, kaziye. Duk wanda ya taɓa haɗa takardun konkur, ko na shiga soja, ko na neman aiki, ya san ana cewa a kawo kaziye wanda bai wuce wata 3 ba. Amma mutum nawa ne suka san abin da ke shiga cikinsa?

Hukuncin kotu ne ke shiga, hukuncin da ya tabbata. Kamu ba ya shiga. Kwana a komisariya ko a jandarmeri ba ya shiga. Zaman jiran shari'a a gidan kaso, ko na shekara ne, ba ya shiga. Wanda kotu ta wanke, ko wanda alƙali mai bincike ya rufe maganarsa, babu abin da za a rubuta masa. Ku faɗa wa iyayenmu wannan, don da yawa sun ɗauka duk wanda ya taɓa shiga mota baƙa ya ɓata takardarsa har abada.

Kuma kaziye hawa uku ne. Takarda ta 1 ita ce cikakkiya, alƙalai kaɗai ake ba. Ta 2 wasu ma'aikatun gwamnati ke nema, kuma ba komai ke fitowa cikinta ba. Ta 3 ita ce wadda kake karɓa da hannunka, ita ta fi taƙaice, kuma kai kaɗai ake ba, ba maƙwabcinka ba, ba surukinka ba, ba abokin gabarka ba. Wanda ya tsara haka ya san abin da yake yi: laifin da mutum ya biya bashinsa ba labarin kasuwa ba ne.

Akwai kuma ƙofar fita, ita ce mutane suka fi jahilta. Wanda aka yi wa ɗaurin je-ka-gyara-halinka, idan ya yi shekara 5 bai sake faɗawa cikin wani hukunci ba, doka tana ɗaukar hukuncin kamar ba a yi shi ba. Wanda ya yi zaman kaso kuma akwai abin da ake kira réhabilitation, wato mayar wa mutum da mutuncinsa a idon doka. Hanya biyu ce: ko dai ta zo da kanta bayan an cika wasu shekaru ba tare da sabon hukunci ba, ko mutum ya rubuta takarda ta hannun mai shigar da ƙara, a binciki halinsa, kotu ta yanke. Sannan ku bambance abu biyu da muke haɗawa duka mu ce afuwa. Rangwamen ɗauri da shugaban ƙasa kan yi a ranakun bukukuwa yana rage zaman kaso ne kawai, hukuncin yana nan a rubuce. Amnisti ita ce ke shafe laifin kansa.

Ina wahalar take? A tsarin da muka gada, kaziyenka yana kotun da ke da hurumin inda aka haife ka. Ke da aka haifa a Gangara kina karatu a Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 700 ce tsakaninki da takarda ɗaya, sai dai ki roƙi wani ya karɓo miki ya ba direba. Kafin sauran takardu su haɗu, wata ukun ya cika, a sake. Wannan ma ga mai takardar haihuwa ke nan. Dokar 2019 ta rajistar farar hula ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa. Wanda ya wuce sai ya bi ta hukuncin alƙali. Yaran ƙauye nawa ne aka yanka wa rago amma ba a kai sunansu mariya ba?

Sai matsalar suna. Mu ƙasa ce ta Abdu da Isuhu da Mamman. A takarda ɗaya an rubuta Mahamadou, a wata Mahaman, a wata Mamane, duk mutum ɗaya ne. A wani gefen kuma mutum biyar a gari ɗaya sunansu ɗaya, sunan ubansu ɗaya, kuma duk an rubuta an haife su 1 ga Janairu don ba a san ranar ba. Idan littafi ya dogara da suna kaɗai, laifin wani yana iya hawa kan wani. Saboda haka idan ka karɓi kaziye ka ga abin da ba naka ba, kada ka ce ƙaddara. Doka ta tanadi hanyar gyara, ta hannun mai shigar da ƙara ake bi.

Littafi na biyu shi ne na waɗanda shari'a ta saki amma ba ta sallama ba. Kafin mu kai can, bari in tuna muku farkon hanya. Tsarewar bincike a hannun ƴan sanda ko jandarma awa 48 ce, ana iya ƙara ta sau ɗaya da izinin mai shigar da ƙara. A maganar ta'addanci wa'adin ya fi haka nesa, kwana 15 ne, shi ma ana iya sabunta shi. Ƙa'idar ƙungiyar UEMOA ta 2014, wadda ƙasarmu ke ciki, ta ce lauya yana iya tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi. Zaman jiran shari'a ma yana da iyaka: wata 12 a ƙananan laifuka, wata 30 a manya, ban da wasu laifuka na musamman. Ku riƙe lambobin nan. Uwar da ta san wa'adi ba ɗaya take da wadda ba ta sani ba, ko da dukkansu a bakin ƙofa ɗaya suke zaune da kwanon tuwo.

Sakin talala haƙƙi ne da ake iya roƙo a kowane lokaci, mutum da kansa ko lauyansa. Amma talala sunanta talala, igiya tana nan. Za ka ba da adireshin da za a same ka. Za ka yi alkawarin zuwa duk ranar da aka kira ka. Za ka sanar da alƙali idan za ka yi tafiya. Wani lokaci a ce ka ajiye kuɗin jingina. Wannan kuɗi ba na aljihun kowa ba ne, ana biyan shi a hukumance, ana ba da rasit. In ba rasit, to ba jingina ka biya ba.

A takarda wannan duk daidai ne. Amma ku ɗora shi a kan rayuwar saurayin Cadawa ko na Gidan Sori. Damina wata 3 ce zuwa 4. Da an yi girbin hatsi da wake da aya, rumbu bai kai shi wata damina ba, dole ya tafi biɗa: Katsina, Kano, Agadas, wuraren zinariya, wani har Libiya ko Aljeriya. Shari'arsa kuma ba a sa mata rana ba. In ya zauna jira, gida ya kwana da yunwa. In ya tafi, sammaci ya zo hannun maigari da Faransanci, babu mai karantawa, ko an karanta babu mai kai masa. Rana ta zo bai bayyana ba. Daga nan abu biyu ke iya faruwa: a sake ba da takardar kamo shi, ko a yanke masa hukunci ba ya nan. Mutumin da wataƙila da ya tsaya gaban alƙali da an wanke shi, sai ya dawo da hukunci a kansa bai sani ba, sai ranar da ya je neman kaziye.

Shi ma wannan yana da magani, amma maganin yana da wa'adi. Wanda aka yi wa hukunci a bayan idonsa yana iya ƙalubalantarsa a sake shari'ar, wanda kuma bai yarda da hukunci ba yana iya ɗaukaka ƙara, sai dai kwanakin kaɗan ne, a ƙa'ida ta gama-gari kwana 10. Kwana 10 ga mutumin da bai san akwai ƙofar ba, kuma lauyoyin ƙasar nan mafi yawansu suna Yamai. Shi ya sa nake so kowa ya san sunan ANAJJ, hukumar taimakon shari'a da aka kafa da dokar Disamba 2011. Aikinta shi ne ta wayar da kai kyauta, ta kuma samar da mai kariya ga marasa hali da yara ƙanana. Tana da ofisoshi a manyan kotuna, har da ta Maraɗi. Ba alfarma ba ce, da kuɗin ƙasa aka kafa ta.

Abin da za mu nema a nan ba babba ba ne. A kira mutum ta waya baya ga takarda. A yi masa bayanin sharuɗɗan talalarsa da Hausa ranar da aka sake shi, a tabbatar ya gane. A ba mai tafiya cin rani hanyar neman izini mai sauƙi. A kuma yi amfani da dokar 2017 da ta kawo aikin amfanin jama'a a madadin ɗauri, don wanda ya saci akuya ya share asibiti ya fi a kai shi inda zai koyo satar shanu.

Littafi na uku sabo ne, kuma shi ne mafi nauyi. Ranar 27 ga Agusta 2024 aka sa hannu a kan dokar da ta kafa abin da ake kira FPGE, kundin sunayen mutane da ƙungiyoyin da ake dangantawa da ta'addanci, ko da wasu laifukan da suka shafi manyan muradun ƙasa da zaman lafiyar jama'a. Ana iya sa mutum ciki tun ana matakin bincike, kafin kotu ta yanke hukunci. Wanda ya shiga ana iya toshe dukiyarsa, a hana shi tafiya a cikin ƙasa da wajenta, har a janye masa zama ɗan ƙasa na wucin gadi. A watan Oktoba 2024 an janye wa mutum 9 daga cikin na kusa da tsohuwar gwamnati, a Nuwamba aka ƙara wasu. Ƙungiyar Human Rights Watch ta soki dokar, ta ce ma'aunin shiga ya yi faɗi da yawa.

Na san abin da wasu za su ce: wannan rigimar manya ce ta Yamai, ina ruwan ɗan Tibiri? Na kuma san wasu za su ce: ai ƙasa tana cikin yaƙi. Gaskiya ne, kuma mu mutanen bakin iyaka ba sai an ba mu labari ba. Amma doka ba ta tsayawa inda aka fara ta. Idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ku tuna yaron da na fara da shi: lambar waya ɗaya ce ta kai shi kaso. A yankin da mai sayar da mai, da mai gasa burodi, da mai cajin waya, da ɗan kabu-kabu duk suna hulɗa da mutanen da ba su san cikinsu ba, tazarar da ke tsakanin neman abinci da zargi ƙarama ce ƙwarai.

Kuma ba mu ne farkon shiga wannan muhawara ba. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka, Majalisar Ɗinkin Duniya ta cika kundinta na takunkumi da sunaye. Cikinsu akwai wani ɗan kasuwar Saudiyya, Yasin Kadi, wanda aka toshe wa dukiya ba tare da an nuna masa hujja ba. Ya kai ƙara, a 2008 babbar kotun Tarayyar Turai ta ce an tauye masa haƙƙin a saurare shi. A 2009 Kwamitin Sulhu ya kafa ofishi na musamman da mutum zai kai kukansa ya nemi a cire shi. A 2012 aka cire sunan Kadi, bayan shekara 11. Ku duba: kundin da manyan ƙasashen duniya suka kafa, shi ma dole ta sa aka huda masa ƙofar fita. Neman wannan ƙofa ba goyon bayan ta'addanci ba ne.

An jingine kundin tsarin mulkin 2010 tun bayan 26 ga Yuli 2023, kuma ficewarmu daga CEDEAO a Janairu 2025 ta nisanta mu da kotunta ta Abuja. Amma alkawuran da ƙasa ta sa wa hannu suna nan. Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam ta 1981 ta ce kowa marar laifi ne har sai kotu ta tabbatar, kuma kowa yana da haƙƙin a saurare shi. Nijar ta shiga yarjejeniyar duniya ta ƴancin farar hula da siyasa a 1986, ta kuma shiga yarjejeniyar 1961 ta rage yawan marasa ƙasa tun 1985. Da wannan ma'auni muke roƙon abu huɗu: a sanar da mutum an sa shi, a faɗa masa dalili a rubuce, alƙali mai zaman kansa ya iya dubawa, kuma ranar da aka wanke shi a cire sunan, a sanar da banki da bakin iyaka, ba a bar shi yana yawo da takardar wanki a aljihu ba.

Littafi na huɗu ya bambanta, don shi shigarsa kariya ce. Tun 2019 dubun dubatar mutane daga Zamfara, Sakkwato da Katsina suka tsallako suna gudun ƴan bindiga, mafi yawansu mata da yara, suka sauka a ƙauyukan Gidan Rumji da Madarunfa. Talakawa ne suka fara buɗe musu ɗaki kafin kowace ƙungiya ta iso. Daga baya gwamnati da HCR suka yi musu rajista da hoto da zanen yatsa, aka kuma matsar da wasu nesa da iyaka zuwa Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori.

Ga ɗan gudun hijira, wannan rajista ita ce hatsi, ita ce magani, ita ce makarantar yara. Saboda haka matsalarsa ta juyo: ba yadda zai fita ba, yadda zai shiga daidai. Wadda ta tafi itace ranar rajista, da jaririn da aka haifa bayan an wuce, da wanda aka rubuta wa suna ba daidai ba, duk suna iya zama mutanen da takarda ba ta san da su ba. Yarjejeniyar 1951 ta hana a mayar da ɗan gudun hijira inda ransa ke cikin haɗari, ta kuma ba shi ƴancin zirga-zirga a ƙasar da ta karɓe shi. Nijar tana da tata dokar ta 1997 a kan haka. Katin hijira ba alamar tuhuma ba ne. Kuma zanen yatsan da mace ta bayar don ta sami buhun hatsi amana ne. Ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutum, tana da hukumar HAPDP da aka ɗora wa tsaronta. Abin da aka karɓa don taimako bai kamata ya koma wani aiki ba tare da doka ba.

In kun ji wani yana cewa baƙin nan su suka kawo mana masifa, ku tuna masa tarihin garin da yake tsaye. A ƙarni na 19 sarakunan Katsina da aka kora suka kafa mulkinsu a Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tibiri. Kakanninmu ma da gudu suka zo.

Sai littafi na biyar, wanda ba alƙali ya rubuta ba, ba perefe ba. Yana aljihun kowannenku. Ku yi masa tambayoyin nan huɗu. Wa ya rubuta? Duk mai waya. Da wace doka? Babu. Wa ke gani? Duniya. Ta yaya ake fita? Ba a fita. A Najeriya, a Nuwamba 2019, hukumar NAPTIP ta ƙaddamar da rajistar masu laifin fyaɗe ta ƙasa, Amurka ma tana da irinta tun shekarun 1990, kuma har yau ana gardama a kansu: wasu na cewa suna kare yara, wasu na cewa suna hana wanda ya gama hukuncinsa samun gida da aiki. Amma ko waɗannan, hukuma ce ke riƙe da su, da doka, da alƙali a bayansu. Mu kuwa a Facebook da WhatsApp muna buga hoton mutum da ankwa a hannu tun kafin ya ga alƙali. Ranar kamu mutum dubu sun tura. Ranar wanki ko mutum ɗaya.

Magana zarar bunu ce. Kuma ku sani, tun gyaran da aka yi wa dokar laifukan intanet a Yuni 2024, ɓata suna ta waya yana iya kai mutum ɗaurin shekara 1 zuwa 3. Mai tura hoton wani yana iya buɗe wa kansa shafi a littafi na farko. Amma ba don tsoron kaso nake so ku daina ba. Ku daina don kun san abin da yake yi wa mutum.

To me za mu yi, mu da ba mu da kujera? Ga abin da ke hannunmu. Kowa ya duba gidansu, duk yaron da ba shi da takardar haihuwa a nema masa, kuma idan an zo zaman kotun tafi-da-gidanka a garinku, ku kai ƙannenku. Ku daidaita rubutun sunanku a duk takardunku tun kafin ranar buƙata. Idan ɗan uwa yana talala, ku ɗauki hoton kowace takarda, ku rubuta kowace rana, kuma kada ya taka mota sai alƙali ya sani. Idan an wanke mutum, ya nemi kwafin hukuncin ya adana. Ku da kuka yi lakwal, idan kun je gida hutu, ku zauna da maigari ku karanta masa sammacin da ke jibge a wurinsa. Wannan kaɗai yana iya hana a ɗaure wani a bayan idonsa. Idan kuma kun taɓa tura hoton wani, daga baya kuka ji an sake shi, ku koma wannan zauren da kuka tura, ku rubuta cewa an wanke shi, da sunanku.

Na ƙarshe ya fi wuya. Wanda ya yi laifi da gaske, ya yi zamansa ya gama, idan ya dawo unguwa ku ba shi wurin zama a fada, ku miƙa masa shayi. Mai gareji ya ɗauke shi, mai shago ya gwada shi. Ba don laifin ƙarami ba ne, sai don idan gari ya rufe masa kowace ƙofa, akwai masu jiransa a daji, su ba sa tambayar kaziye.

Yaron da na ba ku labarinsa ya kira ni kwanan baya. Bai tambaye ni doka ba. Cewa ya yi: yaya, har yanzu hoton nan yana yawo? Ban iya ce masa a'a ba. Ina fatan wata rana in iya.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya kare mu daga zalunci da kuma zaluntar wani. Yanzu fili naku ne, wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu.